Wallace Sabine: Malamin Da Ya Auna Amon Ɗaki Da Kushin Da Agogo

Duk wanda ya taɓa zama a babban zauren taro yana kasa kunne, mai jawabi na magana amma kalmomin na hawa kan juna har a tashi bai fahimci rabin abin da aka faɗa ba, ya san matsalar da Wallace Clement Sabine ya sadaukar da rayuwarsa a kanta. Kafin zamaninsa, mai gina zauren kiɗa ko na lacca ba ya sanin yadda sauti zai kasance a ciki sai ranar da aka buɗe ƙofa, bayan an gama kashe kuɗi. Sabine ne mutum na farko da ya nuna cewa ana iya lissafa wannan abu a takarda tun ba a haƙa harsashi ba. Ya yi hakan ne da bututun sarewa ɗaya, da agogo, da kunnuwansa, da ɗaruruwan kushin ɗin kujera da ya riƙa arowa cikin dare.

Asali da karatu

An haifi Sabine ranar 13 ga Yunin 1868 a ƙaramin garin Richwood da ke Jihar Ohio a Amurka. Mahaifinsa, Hylas Sabine, ya taɓa zama ɗan majalisar dattawan jihar. Mahaifiyarsa mace ce mai tsananin kula da karatun 'ya'yanta, kuma ta kasance kusa da shi har girmansa. Yaron ya shiga Jami'ar Jihar Ohio da ƙuruciya, ya yi karatun kimiyyar fiziks a hannun Thomas Corwin Mendenhall, ya kammala a 1886 yana ɗan shekara 18.

Daga nan ya wuce Jami'ar Harvard da ke Cambridge, kusa da birnin Boston. Ya samu digiri na biyu a 1888, aka ɗauke shi mataimaki a sashen fiziks, sannan malami. Bincikensa na farko, wanda ya yi tare da Farfesa John Trowbridge, ya shafi haske da wutar lantarki ne, babu ruwansa da sauti. Bai taɓa neman digirin digirgir ba. An san shi da kunya da ƙarancin magana, da ba ɗalibai lokacinsa fiye da yadda yake ba kansa, kuma ba ya gaggawar buga sakamakon bincike. A 1895, yana da shekara 27, aka ɗaga shi zuwa mataimakin farfesa. A wannan shekarar ce aka ɗora masa aikin da ya sauya masa alkibla.

Zauren da ba a jin magana

A 1895 Harvard ta buɗe gidan adana kayan fasaha na Fogg, wanda fitaccen mai zanen gine-gine Richard Morris Hunt ya tsara. A cikinsa akwai zauren lacca mai siffar rabin da'ira, rufinsa ƙubba, bangonsa filasta mai tauri. Ido ya gamsu da shi, amma kunne bai gamsu ba. Kalmar da malami ya furta da muryarsa ta yau da kullum takan ci gaba da yawo a ɗakin fiye da daƙiƙa biyar da rabi. A tsawon wannan lokaci, ko mai magana a hankali ya furta gaɓoɓi 12 zuwa 15, don haka sabuwar kalma na faɗawa ne a kan tarin tsofaffi da ba su mutu ba. Ɗaliban da ke zaune a baya hayaniya kawai suke ji.

Shugaban jami'ar, Charles William Eliot, ya nemi sashen fiziks ya gyara zauren. Manyan malamai ba su ga abin da za su samu a aikin ba, domin a wancan lokaci ana ganin sautin ɗaki al'amari ne na sa'a. Charles Garnier, wanda ya gina babban gidan opera na Paris da aka buɗe a 1875, ya bayyana a rubuce cewa ya karanta duk abin da ya samu kan batun bai tsinci wata ƙa'ida ba, daga ƙarshe ya bar abin ga dace. Wasu magina sukan shimfiɗa siraran wayoyi daga bango zuwa bango da zaton za su yanke amsa-kuwwa. Wasu kuma sun yi imani cewa zaure na nuna da shekaru, sautinsa na ƙara daɗi da kansa. Aikin da babba ya ƙi, kan ƙarami yake faɗawa: aka miƙa wa Sabine.

Mai neman sallamar kansa da sauri da ya rataye labule a bango ya ce ya gama. Sabine bai yi haka ba. Ya yanke shawarar sai ya gano dalilin abin, kuma sai ya samo ma'aunin da zai nuna yawan gyaran da ake buƙata.

Aikin dare

Da farko ya fayyace abin da zai auna. Idan aka yi sauti a cikin ɗaki, yakan bazu da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, ya bugi bango ya dawo, ya bugi rufi da ƙasa, ya yi ta kai da kawowa sau ɗaruruwa. A kowane karo abin da ya buga yana shanye wani kaso na ƙarfinsa, har ya ƙare. Wannan wutsiya da sauti ke ja bayan an daina yin sa ita ce daɗewar amo. Ta bambanta da amsa-kuwwa, wadda ita dawowa ce guda ɗaya da ake ji a rarrabe, kamar yadda dutse ke maido wa mai kira muryarsa.

Babu makirfo ko na'urar naɗar murya da zai dogara da su, domin kayan da ya gwada ba su kai kunnen mutum inganci ba. Sai ya haɗa bututun sarewar ogan mai girgiza sau 512 a daƙiƙa da tankin iska, ya tanadi agogon da ke rubuta lokaci. Yakan busa sarewar har amonta ya cika ɗakin, ya datse iskar, ya saurara har sautin ya ɓace wa kunnensa, sannan ya danna agogo. Da yake ƙarar taragon titi da zirga-zirgar jama'a na ɓata awon da rana, sai ya mayar da aikin tsakanin tsakar dare da asuba. Da safe kuma ya shiga aji ya koyar kamar kowa.

A kusa da Fogg akwai Sanders Theatre, zauren jami'ar da kowa ya yarda sautinsa na da kyau, kuma kujerunsa na da dogayen kushin. Sabine da mataimakansa suka riƙa kwaso su bayan an tashi, su shimfiɗa a zauren Fogg, su auna, su mayar kafin gari ya waye. Zauren babu komai ya ba da daƙiƙa 5.62. Da aka shimfiɗa kushin a kan dukkan kujeru 436, lokacin ya sauko zuwa 2.03. Da aka ƙara wasu a hanyoyi da dandamali da bangon baya, ya kai 1.14. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne cewa wurin da aka ajiye kushin ba ya sauya sakamako sosai, muddin suna buɗe sauti na iya taɓa su. Yawansu ne ke aiki.

Tsantsaninsa ya zama abin ba da labari. Ya taɓa watsar da dubban awo bayan ya lura cewa tufafin da ke jikinsa ma na shan sauti, alhali bai rubuta abin da ya sa a kowane dare ba. Daga nan ya riƙa sa kaya iri ɗaya a duk lokacin gwaji. Ya auna ɗakuna da dama a cikin jami'ar da wajenta, manya da ƙanana, ya gwada darduma da labule da katako da gilashi da mutane. Shekara uku aikin ya ci, har haƙurin shugaban jami'a ya fara ƙarewa. A 1898 aka manna bargon gashi mai kauri a wasu sassan bangon zauren, ya zama ana iya yin lacca a ciki. Bai zama zaure na musamman ba, amma an daina kuka da shi.

Lissafin da ya fito

Kushin ɗin Sanders ba ma'auni ba ne da mutumin wani gari zai iya amfani da shi. Sabine ya nemi abin da yake ɗaya a ko'ina, sai ya zaɓi buɗaɗɗiyar taga. Sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa, don haka taga na shanye duk abin da ya same ta. Ya riƙa buɗe tagogi cikin dare yana kwatanta su da kushin, har ya iya faɗin kason da kowane abu ke sha idan aka gwama shi da taga mai faɗinsa. Bulo da filasta da gilashi ba sa shan ko kashi 3 cikin 100 na sautin da ya buge su. Kushin da bargon gashi na shan kusan kashi 80. Jama'ar da suka cika kujeru kuwa sun yi kusa da buɗaɗɗiyar taga.

A ƙarshen Oktoban 1898, yana zaune a gida yana nazarin alƙaluman da ya tara, ya ga tsarin da ke ɓoye a cikinsu. Idan aka ninka daɗewar amo da jimillar abin da ke shan sauti a ɗaki, amsar ba ta sauyawa a ɗaki guda, kuma tana tafiya daidai da girman cikin ɗakin. Mahaifiyarsa, wadda suke zaune tare a lokacin, ita ce ta fara jin labarin. Ma'anar abin a sauƙaƙe ita ce: ɗaki na ƙara girma amo na ƙara daɗewa, kayan shan sauti na ƙara yawa amo na ƙara gajarta, kuma dangantakar ta lissafi ce tsantsa.

Yadda ake amfani da ƙa'idar a yau shi ne a ɗauki girman cikin ɗaki a mita kubik, a ninka da 0.161, a raba da jimillar shan sauti a murabba'in mita na buɗaɗɗiyar taga. Amsar ita ce daƙiƙun da sauti zai ɗauka kafin ƙarfinsa ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin miliyan. A ɗauki misalin zaure mai tsawon mita 20, faɗin 15, tsayin 6, wato mita kubik 1,800. Idan daɓensa tayil ne, bangonsa siminti da gilashi, kujerunsa na roba, jimillar shan sautinsa na iya tsayawa a 60, amo ya daɗe kusan daƙiƙa 4.8. Don a sauko da shi zuwa daƙiƙa ɗaya, wadda ta dace da magana, sai an kai jimillar zuwa 290 da kafet da labule da silin mai shan sauti da kujeru masu laushi. Ana iya yin wannan lissafi a bayan ambulan kafin a sayi buhun siminti ɗaya.

Zauren Boston

Ganowar ta zo a kan gaɓa. Henry Lee Higginson, attajirin banki da ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Boston Symphony a 1881 kuma yake cike giɓin kuɗinta daga aljihunsa, yana shirin gina mata sabon gida. Tsohon zauren da take wasa a ciki, Boston Music Hall, yana fuskantar barazanar rushewa saboda aikin hanya. An ba kamfanin McKim, Mead & White aikin zane. Charles McKim ya fara kawo siffar dandalin wasan Girkawa mai rabin da'ira, amma Higginson ya ji tsoron kasada, ya fi son a bi samfurin zauren Gewandhaus na birnin Leipzig a Jamus, wanda aka buɗe a 1884 kuma makaɗa ke yabonsa. Dogon ɗaki ne mai kusurwa huɗu, irin wanda masana ke kamantawa da kwalin takalmi.

Matsalar ita ce Gewandhaus na ɗaukar mutum 1,500 da 'yan kai ne, Higginson kuwa yana son fiye da 2,600. Eliot ya ba shi shawarar ya tuntuɓi Sabine. Matashin ya yi ta ɗari-ɗari, sai da ƙa'idarsa ta tabbata a hannunsa ya amsa. Abu na farko da ya nuna shi ne cewa faɗaɗa zanen Leipzig kai tsaye kuskure ne, domin ƙarin kashi 30 cikin 100 a tsawo da faɗi da tsayi yana ninka girman cikin ɗaki fiye da sau biyu, amo ya yi yawa, kiɗa ya cakuɗe. Ya karɓi zane-zanen Gewandhaus da na tsohon zauren Boston, ya lissafa wa na farko daƙiƙa 2.30, na biyu 2.44, sannan ya daidaita sabon ginin a kan 2.31.

Zauren da aka gina yana da faɗin kusan mita 23, tsayin kusan 19, da tsawon kusan 38 daga gaban dandamali zuwa bangon baya. Bangon dandamalin da rufinsa sun karkata yadda za su tura sauti wajen masu sauraro, makaɗa kuma su ji junansu. Barandun gefe ba su da zurfi, don kada su rufe wa na ƙasa sauti. Rufin an yi shi da ramuka masu kusurwa huɗu, a saman bango kuma akwai gurabe da aka jera mutum-mutumi 16 na salon Girkawa da Rumawa. Waɗannan kwarmi da tudu na warwatsa sauti ta kowace fuska, maimakon ya dawo dunƙule daga shimfiɗaɗɗen bango. An buɗe Symphony Hall ranar 15 ga Oktoban 1900, inda Wilhelm Gericke ya jagoranci makaɗa a wani babban aikin Beethoven. Shi ne zauren kiɗa na farko a duniya da aka tsara bisa lissafin kimiyyar sauti. A shekarar ce kuma Sabine ya buga bincikensa a wata mujallar masu zanen gine-gine ta Amurka, kuma ya auri Jane Downes Kelly, likita ce a Boston. Sun haifi 'ya'ya mata biyu.

Suka da shiru

Yabo bai zo nan take ba. Kunnuwan mutanen Boston sun saba da tsohon zaurensu, wasu masu sharhin kiɗa kuma suka rubuta cewa sautin sabon ya yi bushe, ba shi da ɗumi. Fitaccen mai sharhi William Foster Apthorp na cikin waɗanda suka soki zauren a farkon shekarunsa. Abin ya taɓa Sabine. Bai fito ya yi jayayya ba, kuma daga baya da wuya a ga ya ambaci zauren a rubuce-rubucensa.

Masu sukar ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Da aka samu na'urorin awo na zamani, an gano cewa idan zauren ya cika da jama'a amonsa na daɗewa kusan daƙiƙa 1.9 ne, ƙasa da 2.31 da aka yi hasashe. Ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba. Alƙaluman da aka ba ta ne ke da rauni, musamman na yawan sautin da taron jama'a ke sha. Sabine ya ƙidaya shi da kan mutum, daga baya kuma Leo Beranek ya nuna cewa faɗin filin da kujeru suka mamaye ne ya kamata a auna. Tun da kuskure iri ɗaya ya shiga lissafin Leipzig da na Boston, kwatancin da ya dogara da shi ya kai shi inda ya nufa. A yau masana na ganin daƙiƙa 1.8 zuwa 2.2 ce ta fi dacewa da babbar ƙungiyar makaɗa, kuma ana jera Symphony Hall da Musikverein na Biyana, wanda aka buɗe a 1870, da Concertgebouw na Amsterdam na 1888, a sahun zaurukan da suka fi kowanne daɗin sauti. Sai bayan rasuwarsa da shekaru aka kafa allon tunawa da shi a cikin ginin.

Bayan Boston

Sabine ya ci gaba da bincike. A 1902 ya yi wani gwaji a makarantar koyon kiɗa ta New England, inda ya riƙa shigar da kushin yana fitarwa a ƙananan ɗakunan fiyano, ƙwararrun makaɗa na saurare suna faɗin lokacin da sautin ya yi musu daidai. A ɗaki bayan ɗaki zaɓinsu ya tsaya kusa da daƙiƙa 1.1. Wannan ya nuna cewa abin da ake ɗauka ra'ayi ne kawai yana da adadi, kuma kowane aiki da irin amon da ya dace da shi. Magana na son gajere don kalmomi su fito sarai. Kiɗan taro na son dogo don sautuka su haɗu su cika ɗaki. Zaure ɗaya ba ya gamsar da duka biyun sai an yi masa dabara.

Ya faɗaɗa awonsa zuwa sautuka masu kauri da masu siranta, ya gano cewa abu ɗaya na iya shan wani ya bar wani: labule na cinye siririn sauti, siririn katako mai rami a bayansa kuma na cinye mai kauri. Ya yi nazarin gine-ginen da raɗa ke tafiya nesa a cikinsu, irin su ƙubbar majami'ar Saint Paul a Landan, ya bayyana yadda lanƙwasasshen bango ke tattara sauti wuri ɗaya ya bar wani wuri fayau. A aikin da ya yi wa wani babban gidan wasa a New York, ya ƙera ƙaramin samfurin ginin, ya tayar da sauti da tartsatsin lantarki, ya ɗauki hoton igiyar sautin tana tafiya tana karo da rufi. Tare da magini Rafael Guastavino ƙarami ya ƙirƙiro tayil mai ƙananan ƙofofi da ke kama da dutse amma yana shan sauti, aka yi amfani da shi a majami'ar Saint Thomas ta New York, daga baya kuma suka fitar da wani nau'in mai suna Akoustolith.

A jami'a ma nauyi ya ƙaru. Ya zama cikakken farfesa a 1905, ya shugabanci makarantar kimiyyar aikace-aikace ta Harvard na shekaru da dama, aikin ofis ya cinye masa lokacin da zai rubuta littafin da ake jira daga gare shi.

Yaƙi da rasuwa

A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tafi Faransa don gabatar da laccoci a Jami'ar Sorbonne. A can ya shiga aikin agajin masu tarin fuka a ƙarƙashin Gidauniyar Rockefeller, ya kuma ba sojojin ƙawance shawara kan amfani da sauti wajen gano inda manyan bindigogin abokan gaba suke. Ya kai ziyara fagen daga a Faransa da Italiya, har ya shiga jirgin sama a kan filin yaƙi. Ciwon ƙoda ya kama shi a wannan tafiya, bai kuma rabu da shi ba.

Da ya koma Amurka a 1917, gwamnati ta ja shi zuwa Washington aikin ƙera jiragen yaƙi, aka kuma sa shi cikin kwamitin ƙasa mai ba da shawara kan harkar jiragen sama. Bai ajiye koyarwa ba. Ya riƙa kwana a jirgin ƙasa tsakanin Washington da Cambridge don kada ɗalibansa su rasa darasi. Likitoci sun nemi a yi masa tiyata, ya yi ta ɗagawa har sai yaƙi ya ƙare. Lokacin da aka yi, jiki ya riga ya gaji. Ya rasu ranar 10 ga Janairun 1919 yana da shekara 50.

Kafin rasuwarsa, attajiri George Fabyan ya gina masa ɗakin gwajin sauti a Riverbank, a garin Geneva na Jihar Illinois, bisa tsarin da shi Sabine ya zana. Bai samu yin aiki a ciki ba. Wani ɗan uwansa, Paul Sabine, ya karɓi ragamar wurin, kuma har yau ana gwada kayan gini a can. A 1922 Harvard ta tattara maƙalunsa ta buga su a littafi guda.

Abin da ya bari

Waɗanda suka biyo baya sun yi gyara sun yi ƙari. A 1930 Carl Eyring ya fitar da lissafin da ya fi dacewa da ɗakunan da ke shan sauti sosai, irin na gidajen rediyo. A 1962 aka buɗe Philharmonic Hall a New York, makaɗa da masu sauraro suka yi ta kuka da sautinsa, har aka sake gina cikinsa a 1976, aka kuma sake a 2022. Wannan darasi mai tsada ya tabbatar da cewa daɗewar amo sharaɗi ne na farko, amma akwai sauran sharuɗɗa. Daga ƙarshen shekarun 1960, binciken Harold Marshall da Michael Barron ya nuna muhimmancin sautin da ke dawowa da wuri daga bangon gefe, wanda shi ke sa mai sauraro ya ji kiɗa ya kewaye shi. A nan aka fahimci sirrin siririn dogon zaure irin na Boston da Biyana: bangon dama da na hagu suna kusa, suna maido da sauti cikin ƙiftawar ido. Zaure mai buɗewa kamar mafici, duk da yana ɗaukar jama'a da yawa, yakan rasa wannan. Zauren Philharmonie na Berlin, wanda Hans Scharoun ya tsara tare da masanin sauti Lothar Cremer aka buɗe a 1963, ya bi wata hanya: makaɗa a tsakiya, kujeru hawa-hawa kewaye da su, kowane rukuni da ɗan bangonsa mai maido da sauti.

Duk da haka, lissafin farko da injiniyan sauti ke yi a yau, ko da kwamfuta yake aiki, na Sabine ne. Ma'aunin shan sauti ana kiransa sabin, don girmama shi. Ƙungiyar masana sauti ta Amurka, wadda aka kafa a 1929, tana ba da lambar yabo mai sunansa tun 1957. Tsohon ginin Fogg da ya fara aiki a ciki an rushe shi a 1973, amma Symphony Hall na nan ana wasa a ciki.

Ƙa'idar ba ta san bambancin zauren kiɗa da zauren majalisa, ajin makaranta, kotu ko wurin ibada ba. Ginin da aka lulluɓe da marmara da gilashi, aka yi masa dogon rufi ko ƙubba, zai riƙe amo komai kuɗin da ya ci. Ƙara lasifika ba ya magance matsalar, domin ƙarar da aka ƙara ita ma bangon za ta buga ta dawo. Maganin yana cikin zane da zaɓin kayan gini, kuma ya fi arha a lokacin da ginin ke kan takarda. Jami'in da aka kawo wa zanen sabon zaure don ya duba kafin a amince da kwangila yana da tambaya ɗaya da Sabine ya bar masa, wadda ke da amsa a alƙalami: daƙiƙa nawa amo zai daɗe a ɗakin nan idan ya cika da jama'a, nawa kuma idan rabinsu ne suka zo?